Tsohon Ƙarfe a Madadin Lefe

Ranar Juma'ar da aka sa za a kawo lefen Ni'mat, tun hantsi aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa. Mahaifiyarta, Inna Kande, ta aro kujeru goma sha biyu a maƙwabta, ta soya gahawa har ƙamshin ya kai bakin titi. Duk layinsu a unguwar Umbadda ta Umdurman an san yau dangin Idirisu za su zo da shaila, akwatunan tufafi da turare da buhunan sukari.

Bayan la'asar mutum ɗaya ya yi sallama.

Malam Jibirin ne, kawun Idirisu, riƙe da ƙullin dabino a leda. Ya zauna gaban mahaifin Ni'mat, Malam Abdullah, ya daɗe yana gaisuwa kamar ba ya son ta ƙare. Ni'mat tana bayan labulen ɗakinta, tana jin komai.

"Malam Abdullah, da kunya na zo," in ji shi. "Yaron nan yana roƙon a ƙara masa lokaci. Shekara ɗaya da rabi."

"Abin da ya ce ya tara fa? Shekara uku muna jin yana tarawa."

"Ya sayi inji da shi."

"Injin me?"

"Wallahi ni ma ban gane ba. Na je na gani da idona. Tsohon ƙarfe ne, tsawonsa ya kai gado biyu, ko motsi ba ya yi."

Matan da suka zo tarbar lefe suka fara kallon juna. Wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta ce ɗanta ba lafiya. Kafin magariba an mayar da kujerun gidajen masu su.

Ni'mat ta zauna bakin gado tana jiran kuka ya zo. Ya zo, amma bai daɗe ba, domin wata tambaya ta fi shi ƙarfi. Ta san Idirisu. Mutumin da yake takawa da ƙafa daga garejin da yake aiki har gida don kada ya biya kuɗin mota, mutumin da takalminsa ɗaya tun da ta san shi. Wane irin ƙarfe ne zai sa mutum irin wannan ya zube gumin shekara uku a yini guda?

Muryar mahaifinta ta katse ta.

"Auta, zo nan."

Yana zaune kan angarib, gadon igiyar da yake shan iska a kai. Ya juyo da gefen fuskarsa na hagu wajenta, don idon dama ya daɗe da dushewa.

"Shekarunki ashirin da biyar," ya ce. "Ban taɓa yi miki dole ba, yau ma ba zan fara ba. Amma ki saurare ni."

"Ina ji, Baba."

"Na yi shekara ashirin da biyu ina tsinkar auduga a Jazira, a gonar mutum ɗaya. Duk kaka sai ya dafa kafaɗata ya ce, baɗi zan yanka maka fili ka noma na kanka. Na yarda. Aka yi mini tayin aiki a tashar jirgin ruwa, na ƙi, ina jiran fili. Yayyenki biyu suka rasu a bukkar kara, ina jiran fili. Ranar da ya mutu, 'ya'yansa suka ce ba su san da maganar ba. Na shigo Umdurman da tabarma da mahaifiyarki."

Hawaye suka zubo mata. Ta sha jin labarin a bakin Inna, amma shi bai taɓa faɗa mata ba.

"Baba, Idirisu ba maƙaryaci ba ne."

"Shi ma wancan ba maƙaryaci ba ne. Har zuciyarsa yana nufin baɗin. Matsalar ke nan." Ya ja numfashi. "Ku shekara ɗaya da rabi ba komai ba ce a wurinku. Ni fa? Kin san ko zan kai?"

"Kada ka ce haka, don Allah."

"Hamuda ɗan Hajja Bakhita ya sake aiko mini. Shekara bakwai yana Jidda, ya gina gida a nan, ga mota. Bai ce baɗi ba. Ya ce kafin hutunsa ya ƙare, kwana arba'in. Ranar Alhamis zan ba shi amsa, kuma abin da kika faɗa shi zan faɗa."

Ta goge fuskarta da gefen mayafi.

"Ka bar ni in je in ga ƙarfen."

Ya ɗan murmusa. "Haka kike tun kina yarinya. Sai kin buɗe cikin rediyo kin ga mai magana. Ki je, amma da mahaifiyarki."

* * *

Washegari da safe suka shiga hafila, ƙaramar bas ɗin da ke zuwa unguwar makanikai. A hanya sojoji suka tsayar da su, suka sauke samari uku da ba su da takardar hidimar ƙasa. Sannan motar ta sake tashi.

Inna Kande ta matso kusa da kunnenta.

"Ni ba don yaron nan na fito ba, ya kunyata ni a gaban mata. Amma jiya ban yi barcin kirki ba. Ina ta tunani, ƙarfe kuma? Ko na zinariya ne?"

Dariya ta kusa ƙwace wa Ni'mat.

Suka same shi a bayan garejin maigidansa, cikin wata rumfar langa-langa. Yana durƙushe da tsumma a hannu, rigarsa duk baƙin mai. Da ya gan su ya miƙe da sauri har ya buge kansa da ƙarfen rumfar.

"Inna, sannunku da zuwa. Ni ya kamata in zo, kunya ce ta hana ni."

"Ajiye gaisuwar," in ji Inna Kande. "Nuna mana amaryar taka."

Ya janye buhunan da ya rufe shi da su.

Dogon inji ne kore, fentin ya ɓare a wurare da yawa. Yana da ƙafafu masu kauri, da hannaye zagayayyu kamar sitiyari, da wani baki mai haƙora uku a gefe ɗaya. Ni'mat ta zagaya shi a hankali. Ta taɓa, ta ji sanyinsa.

"Mene ne sunansa?"

"Maharaɗa. Da ita ake sassaƙa ƙarfe."

"Kamar yadda ake sassaƙa turmi?"

"Kamar haka, amma ita ba ta kuskure ko da kaurin gashi." Ya ɗauko wani guntun ƙarfe da ya cinye a gefe. "Kin ga wannan? Daga ƙafar hafila aka cire shi. Saboda shi kaɗai motar ta yi wata biyu a ajiye, mai ita yana da 'ya'ya shida. Tun da aka rufe wa ƙasar nan hanyar shigo da kaya, babu sabo a kasuwa. Da wannan injin, cikin awa ɗaya zan yi masa wani."

"To me ya sa ba ka yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Abin da ke juya ta ya ƙone, sai an sake naɗa wayoyinsa. Kuma wutar gida ba ta ɗaukarta, sai an ja mini babban layi. Shi ne shekara ɗaya. Wata shida kuma in tara na shaila."

"A ina ka samo ta?"

"Wani tsoho ɗan Girka, Hawaja Kosta, shekara arba'in yana aiki da ita. 'Ya'yansa suka aiko ya koma gida. Ran Talata ya kira ni, ya ce jirginsa Laraba, ya fi son ta shiga hannun wanda zai riƙa shafa mata mai. Ya tambaye ni nawa nake da shi. Na faɗa. Ya ce kawo."

Ni'mat ta dube shi sosai.

"Ran Talata. Daga nan zuwa gidanmu tafiyar rabin awa ce, Idirisu. Me ya hana ka zo ka tambaye ni?"

Ya ajiye guntun ƙarfen a kan injin.

"An aro kujeru," ta ce. "Inna ta soya gahawa. Ina bayan labule ina jin mata suna fita ɗaya bayan ɗaya. Shekara uku ina kare ka a gidanmu. Duk wanda ya zo ina cewa ina da wanda nake jira. Ashe ban kai a yi shawara da ni ba?"

"Tsoro na ji, Ni'mat."

"Tsoron me?"

"Idan kika ce kada in saya, ba zan saya ba, kuma na san zan riƙa tuna ta duk ranar da muka kwana ba cefane. Idan kika ce in saya, na ɗora miki jiran da ba ki da laifinsa. Sai na ce gara laifin ya zama nawa ni kaɗai." Idanunsa suka kawo ruwa. "Ke ma kina sayar da humra, kin san yadda kasuwa take. Abin da na tara bara zai cika akwati uku, bana biyu da ƙyar. Ina tarawa yana narkewa. Na ga idan muka yi bikin nan, za a ci, a sha, a watse, in koma ƙarƙashin motar wani har tsufana, ke kuma a ɗakin haya."

"Ni na ce maka ina gudun ɗakin haya?"

"Ba ki ce ba."

"To faɗa mini gaskiya. Shekara ɗaya da rabin nan tabbas ce?"

Ya ce, "A'a. Za a iya hana ni layin wuta. Za a iya buɗe hanya gobe kaya su cika kasuwa. Ba ni da tabbas."

Inna Kande ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Ko ƙaryar kwantar da hankali bai iya ba."

Suna cikin haka wata mota ta tsaya a bakin rumfar. Wani dattijo mai ƙiba ya fito, da farar jallabiya da babban rawani. Idirisu ya ce musu a hankali, Alhaji Zailani ne, mai shagunan kayan mota a kasuwar Suk al-Shabi, kuma zuwansa na uku ke nan.

"Ya Idiris, na zo na ƙarshe," in ji Alhajin bayan gaisuwa. "Abin da ka biya, da rabinsa a kai. Kuɗin suna mota. Gobe da asuba zan tafi garin Atbara, an yi mini maganar wata a can. Idan na sayi waccan, shi ke nan, ba na bukatar taka."

Inna Kande ta dafe ƙirji. Ko ba a faɗa ba, kowa ya gane: da wannan za a yi shaila, a yi biki, har a kama ɗaki.

Idirisu ya dubi injin, ya dubi Ni'mat.

"Ran Talata ban tambaye ki ba," ya ce. "Yau ke za ki ba shi amsa. Wallahi abin da kika ce shi za a yi, kuma ba za ki taɓa jin maganar a bakina ba."

Alhaji Zailani ya ɗaga gira. "Wace ce wannan?"

"Wadda kuɗin shailarta ne a cikin injin."

Ni'mat ta gyara mayafinta. Tambaya ta riga ta zo mata baki.

"Alhaji, ka yi haƙuri da ni. Me ya sa za ka biya fiye da kuɗinsa a kan abin da ba ya motsi?"

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "'Yata, fita ki dubi titi. Duk motar da kika gani ta tsufa. Wanda ke da wannan, direbobi a ƙofarsa za su riƙa karya kumallo."

"A wata nawa za ka mayar da abin da ka kashe?"

"Wannan ba tambayar da ake yi wa mai saye ba ce."

"Ni ma 'yar kasuwa ce, Alhaji. Idan mace ta dawo sau uku kan kwalbar humra ɗaya, na san na yi mata araha."

Ya dube ta na ɗan lokaci, sai ya gyaɗa kai. "Ina da wuta, ina da masu naɗi. Wata takwas."

"Bayan wata takwas ɗin fa?"

"Sai riba, har in mutu in bar wa jikoki."

Ta juya ta sake kallon koren ƙarfen. Ta tuna fuskar mahaifinta jiya. Ta tuna matan layinsu da abin da za su ce idan bikin ya tashi a wata mai zuwa, da abin da za su ce idan bai tashi ba. Shekara ɗaya da rabi ta yi mata tsawo ƙwarai, amma ta kasa hana kanta lissafa shekarun ribar da za su biyo baya.

"Allah ya ba ka sa'a a Atbara, Alhaji," ta ce. "Wannan ba ta sayarwa ba ce."

"Ni'mat!" in ji Inna Kande.

Alhaji Zailani ya buɗe hannuwa, ya ce wa Idirisu, "Ka riƙe ta da kyau, ba injin nake nufi ba." Ya shiga motarsa ya tafi.

Idirisu ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka gode mini. Maganar kujeru tana nan, ban yafe ba tukuna. Kuma kai za ka zo da ƙafarka ka durƙusa gaban Baba, ba kawunka ba."

* * *

A hafila, da suka kusa sauka, Inna Kande ta juyo wajenta.

"Kin san abin da kika mayar kuwa?"

"Na sani, Inna."

"Ni dai na ga abu ɗaya. Mai gonar Jazira bai taɓa ce wa mahaifinki ga shi a hannunka, ka yanke ba. Wannan ya ce. Amma biki a wata mai zuwa, 'yar nan!" Ta girgiza kai. "Allah ya sa kin fi mu gani."

Ni'mat ta ji ƙafafunta ba nauyi da suka shigo layinsu. Tana ta shirya yadda za ta bayyana wa Baba bakin injin mai haƙora uku.

Sai ta hango farar mota a ƙofar gidansu.

Hamuda yana tsaye a jikinta, dogo, mai tsabta, da agogo a hannu. Ya gaishe da Inna da ladabi, sannan ya dubi Ni'mat, fuskarsa ba walwala.

"Ki yi haƙuri, na yi abu ba da saninku ba. Na zo gaishe da Baba da safe, na miƙa masa shayi, sai ya kai hannu gefe. Sau biyu. Na lallashe shi muka haye Hartum wurin likitan ido."

"Ai yanar ido ce," in ji Inna Kande. "An ce sai ta nuna a cire."

"Ba yana ba ce, Inna. Likita ya ce ruwa ne ke danne jijiyar idon. Na dama ya tafi, ba zai dawo ba. Na hagun ma ya kama hanya. Idan ba a yi aiki cikin wata biyu ba..."

Ni'mat ta jingina da bango.

"Na ce zan biya," Hamuda ya ci gaba. "Ba ciniki na zo yi ba, Ni'mat. Ko kin ce e, ko kin ce a'a, zan biya. Amma ya ƙi ba ni amsa. Ya ce in jira a waje sai kin dawo."

Ta shiga gida da ƙyar. Malam Abdullah yana kan angarib, takardar likita a kan gwiwarsa, yana shafa ta da yatsa.

"Auta ce?"

Ta durƙusa ta kifa kanta a ƙafarsa, kuka ya ƙwace mata.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ya yi tsanani haka ba?"

"Na ɗauka zai jira. Tashi, ba mutuwa aka yi ba." Ya dafa kanta. "Yaron nan na waje mutumin kirki ne. Amma ba zan karɓi ido daga hannun wanda za mu mayar wa da maganarsa ran Alhamis ba. In na karɓa, na ɗaure ki, ko shi bai nufa ba. Saboda haka nake ta wani tunani tun a mota."

Ya rage murya, kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Ƙarfen nan na Idirisu. Kin gan shi? Yana da daraja kuwa?"

"Yana da ita, Baba."

"To idan ya sami mai saye, kin ga Idirisu kamar ɗa ne, ba zan ji kunyar karɓa a hannunsa ba. A yi aikin da wani abu, a ɗaura muku aure da saura, ko ba akwati. Kina ganin za a sami mai so?"

Inna Kande, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta rufe bakinta da mayafi.

Ni'mat ta ɗago. Ƙarya ta zo mata har kan harshe, mai sauƙi, ta ce babu. Ta haɗiye ta.

"An zo saye yau, Baba. A gabana. Da riba mai yawa, kuɗin suna cikin mota."

Fuskarsa ta washe. "Alhamdulillah! Ya sayar?"

"Ya bar mini in yanke." Ta sunkuyar da kai. "Ni na hana. Mai sayen kuma ya ce ba zai dawo ba."

Hannunsa ya sauka daga kanta. Ana jin Hamuda yana amsa gaisuwar wani a waje.

Malam Abdullah ya naɗe takardar gida huɗu, ya sa a aljihu. Ya juyo da idonsa na hagu ya kafa mata, ya daɗe yana kallonta. Babu fushi a fuskarsa. Kallo ne na mutumin da ya ga abin da bai gane ba, yake kuma son ganewa.

"Kande, kai wa baƙonmu ruwa, ki ce ya ƙara haƙuri kaɗan."

Ya matsa gefe, ya buga igiyar gadon da tafin hannu.

"Hau nan ki zauna, Auta. Ki faɗa mini abin da kika gani a jikin ƙarfen nan, tun daga farko, kada ki tsallake komai. In ya shiga kaina, ni da idon nan za mu san yadda za mu yi. In bai shiga ba, ke za ki fita da kanki ki shigo da Hamuda."

Ni'mat ta share hawayenta. Ta hau ta zauna kusa da shi.

"Kore ne, Baba," ta ce. "Yana da baki mai haƙora uku."